Rigar da Ban Cire Ba

Litinin, 9 ga Janairu

Samfuri na tara ya karye da ƙarfe biyu da rabi, daidai bakin walda, inda na ce zai karye. Na buga tsalle ni kaɗai a ɗakin gwaji kamar taɓaɓɓe. Saura sha ɗaya. Sanduna ashirin na ƙarfe, inji yana lanƙwasa kowace gaba da baya har ta gaji ta tsinke, ni kuma in rubuta inda ta tsinke da dalili. Duk don a gano abin da ke karya doguwar sandar farfelar kwale-kwale, irin wadda ta tsinke wa Babana a tsakiyar ruwa har sau uku kafin ya rasu.

Ajan Suphani, malamar da ke duba aikina, ta ce in na gama ashirin ɗin kafin ƙarshen Maris, zan tsaya gaban kwamiti a Mayu. Digiri na biyu a injiniyancin injina. Ni, Dun, ɗan mai kwale-kwale daga Nong Chok! Sai kuma ta ɓata mini rai, ta sake tuna mini takardar da na sa wa hannu ran da ta ɗauke ni. "Faɗa ɗaya, Dun. Ko kallo ka tsaya yi, ka tafi." Shekara biyar da barina kwalejin sana'a, amma har yau in ta dube ni ɗan Toka take gani, mafaɗacin tsohuwar kwalejinmu. To me zan ce? Fayil ɗina na kan teburinta, har da labarin kunnen da na yanke wa wani ina shekara sha bakwai.

Talata, 10 ga Janairu

Abu ɗaya na tsana a jami'ar nan, rigar aiki. Ja ce mai duhu, kusan sak da ta 'yan Ja, 'yan kwalejin da muke gaba da su. A kwalejinmu ruwan toka muke sawa, a tasu ja, kuma tun kafin a haife ni ake zubar da jini a kan haka. Ka tambayi kowa mafari, ba wanda ya sani. Ni dai duk safiya in na zura ta sai na ji jikina yana ƙaiƙayi.

Lung Sawat, tsohon da ke riƙe da ɗakin injina da makullin sito, ɗan Ja ne. Tun makon farko na ga tambarinsu zane a damtsensa. Shi ma ya san ko ni wane ne. Shekara biyu muna aiki kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya taɓa ɗaga zancen. Kullum dai in zan fita sai ya ce, "Cire rigar, sa a jaka." Kamar ban sani ba. Wa ke shiga bas a Bangkok da rigar aiki?

Alhamis, 12 ga Janairu

Piak ya zo ya ɗauke ni a babur. Mun ci shinkafa da kaza a rumfar Musulmi ta bakin gada, saboda ni Musulmi ne, shi kuwa ba ya rabuwa da naman alade. Benci ɗaya muka yi da shi shekara biyar a kwaleji. Yanzu yana gyaran babura a Min Buri, hannunsa baƙi ƙirin.

"Farfesan sanduna! Shekara biyu kana karya ƙarfe, ni kullum ɗinke shi nake yi. Tsakani da Allah wa ya fi wani amfani?"

Har yanzu yana ɗaure da bel mai tambarin kwaleji a kai. Na ce kai, ka girma da wannan, ga ka da mata da 'ya. Ya ce in ya cire wandonsa zai faɗi, ni zan riƙe masa? Ya ce ran da zan sa babbar rigar digiri zai zo da kwandon furanni mafi muni a kasuwa.

Juma'a, 13 ga Janairu

Sun kashe Piak.

Asabar, 14 ga Janairu

Da tsakar rana. A gaban gareji. Mutane na cin abinci.

Su biyu a babur, da hular kwano. Mai sayar da lemo ta ce sun tsaya suka yi masa tambayar da muka saba yi, "Ina kake karatu?" Ya yi dariya ya ce shi ai ya daɗe da gamawa. Suka dubi kan bel ɗinsa. Wuƙa sau huɗu, biyu a ciki, ɗaya a ƙirji, ɗaya a wuya. Yana ƙasa yana shure-shure ɗayan ya durƙusa ya yanke bel ɗin ya tafi da kan. Abin da suka zo ɗauka ke nan. Yanzu yana rataye a bangon wani ɗaki, ana nuna wa sababbin ɗalibai.

Na je asibiti. Sun buɗe mini fuska kawai. Akwai baƙin mai a ƙarƙashin kunnensa, ba wanda ya goge. Na fito na naushi bangon bayan gida har sai da fatar ta sale. Wallahi da a ce an miƙo mini ɗan Ja a lokacin nan, da haƙori zan yaga shi.

Laraba, 18 ga Janairu

Yau aka ƙone gawar. Na tsaya daga baya kamar yadda nake yi a haikalinsu, ban riƙe turare ba. Matarsa Fon ta faɗi sau biyu. 'Yar tana ta wasa da takalmin wani.

'Yan Toka sun fi ɗari uku, tsofaffi da sababbi, duk da rigar toka. Da sufaye suka gama karatunsu, muka kewaye akwatin, muka dafa kafaɗun juna, muka rera taken kwaleji har rufin yana amsawa. Na yi zaton na manta shi. Ko kalma ɗaya ban manta ba.

Pi Yot ya ja ni bayan motoci. Pi, wato yaya, haka muke kiran na gaba da mu. Aji uku yake gabanmu, shi ya fara koya mini yadda ake riƙe adda, kuma shi ya ɗauke ni a kafaɗa ran da aka fasa mini kai a tashar jirgi. Ba a ce wa Pi Yot a'a. Ya ce yara ba sa iya yawo da adda yanzu, 'yan sanda na caje jaka a kowace tasha. Amma guntun ƙarfe a jakar ɗalibin sana'a, wa zai ce uffan? Kayan darasi ne.

"Kai ke da injin sassaƙa mai kyau. Ba mu ce ka fito ba, Injiniya. Zauna a sanyinka. Shida kawai."

Na ce akwai takardar da na sa wa hannu. Ya dubi hayaƙin da ke fita ta saman haikali, ya dube ni. "Je ka karanta wa Piak ita."

Juma'a, 20 ga Janairu

Lung Sawat ya zo inda nake, ya ce ya ji labarin abokina, ya yi baƙin ciki. Baƙin ciki! Da wannan zanen a damtsensa! Ban san lokacin da sifana ta bar hannuna ba. Ta wuce ta gefen kansa ta lotsa ƙofar kabad. Ya tsaya. Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya goge, ya rataye a wurinta.

Da zan fita ya ce, "Cire rigar." Na cire.

Asabar, 21 ga Janairu

Ran Asabar Lung yana bar mini makulli, don gwajina ba ya jiran Litinin. Tun bara yake yin haka.

Na ɗauki shida daga cikin sandunan da ban riga na yi wa walda ba. Na yanke su daidai tsawon jaka, na yi musu zanen riƙo don kada su zame a hannu mai gumi. Aiki ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ban taɓa yin sassaƙa mai tsabtar wannan ba. Kafin azahar na gama, na share ɓarɓashi, na kai wa Pi Yot a bayan kasuwa. Ya auna ɗaya a tafin hannu ya yi fito.

Zan ce wa Ajan sun lalace wurin walda. Za a sayo wasu.

Alhamis, 26 ga Janairu

An sa bidiyo a guruf ɗinmu na waya. Tashar bas, wajen la'asar. Wani ɗan Ja yana gudu, jakarsa na dukan bayansa. Suka cim masa a bakin matakalar gada. Na farko a gwiwa, ya zube. Sauran a baya da haƙarƙari. Ana jin ƙarar a wayar, wata irin ƙara mai nauyi. Ya ɗaga hannu yana cewa wani abu. Suka tuɓe masa riga suka ɗaga sama.

Na kalla sau tara. Na ji daɗi. Na rubuta a nan don kada gobe in ce ban ji ba. Bai mutu ba, an ce ba zai sake takawa daidai ba. Wani ya tambaya ko yana cikin biyun da suka kashe Piak. Pi Yot ya ce, "Ja ne." Aka yi ta turo hoton wuta.

Litinin, 30 ga Janairu

Na goma ya karye. Ban ma kasance a ɗakin ba.

Ajan ta ce idona ya faɗa, ko ina barci? Na ce rasuwa aka yi mana. Ta ce ta sani, ta gani a labarai. Ta daɗe tana kallon salewar hannuna. Ban iya kawo zancen sandunan ba.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Da hagu nake rubutu. Asibiti. Layi biyu sun ci mini rabin awa.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

Bari in rubuta tun ina tunawa, ko zai ɗauki wuni.

Alhamis da ta wuce ne, biyu ga wata. Wajen ƙarfe huɗu Lung ya kira ni sito ya rufe ƙofa. Ya ce sanduna shida ba sa nan. Ya ce jikansa ya nuna masa wani bidiyo, kuma zanen riƙon nan, duk garin nan mutum biyu ke yin sa haka, shi da wanda ya koya wa, wato ni. Bai ɗaga murya ba. Ni na ɗaga. Na ce naku suka fara. Na ce ka je ka tambayi 'yan uwanka inda suka rataye bel ɗin Piak. Na cakumi wuyan rigarsa, tsoho mai shekara hamsin da takwas, na haɗa shi da kanta har akwatin kusoshi ya zube. Na fice.

Ina jin sa a bayana. "Dun! Rigarka! Dun!" Na ji sarai. Na ƙi juyawa don shi ya faɗa.

Na shiga bas, na sauka a mahaɗar Min Buri. Har na manta abin da ke jikina. Su biyar suka taso daga bayan rumfar jira, riguna a jaka, amma na ga kan bel ɗinsu. Namu. Wallahi har na fara murmushi.

"Ina kake karatu?"

Na ce, "Toka. Yayanku ne." Suka dubi rigar. Ɗaya ya ce, "Ji ɗan iska, har da zolaya." Na buɗe baki zan faɗi lambar ajinmu, abu ya sauka a haƙorana.

Na kare kai da hannun dama. A kansa suka yi ta sauka. Na ji ƙasusuwan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Da na faɗi, wani ya take wuyan hannun a kan kwalta, wani ya ɗaga ya sauke da ƙarfinsa duka. Wata mata tana ihu. Ina kwance kuncina a ƙasa, ɗaya daga cikin sandunan ta kuɓuce ta gangaro har gaban idona. Zanen riƙon ya cika da jini. Ban taɓa ganin sa kusa haka ba. Suka yage rigar daga jikina suka gudu.

Ina ta kiran lambar ajinmu har motar asibiti ta zo. Direban ya zaci lambar waya nake ba shi.

Juma'a, 10 ga Fabrairu

Karaya bakwai a hannu, haƙori uku, haƙarƙari biyu. Sun sa ƙusoshi. Likita ya ce yatsu biyu ba za su sake lanƙwasa ba. Na ce injin sassaƙa fa? Ya ce in fara da riƙe cokali.

Ɗan sanda ya zo. Na ce ban ga fuska ba. Ya ce kullum haka kuke cewa, ya rufe littafinsa. Ma, mahaifiyata, tana zaune a gefe da carbinta. Tun ran farko ba ta tambaye ni komai ba, wannan ya fi duka ciwo.

Lahadi, 12 ga Fabrairu

Pi Yot ya zo da uku daga cikinsu. Ya jira Ma ta fita salla. Suka shigo da rarrafe, da furanni a hannu, suka kifa goshi a ƙasa gefen gado. "Ka yafe mana, Pi. Ba mu sani ba, Pi." Ba wanda ya kai ashirin. Pi Yot ya bi su da mari ɗaya bayan ɗaya, har hancin na tsakiya ya fashe, jini na ɗiga a kan furannin. Ya ajiye mini rigar a ninke, an wanke, har da guga.

Ya ce kuskure ne, amma ni ma da nawa. "Wane mahaukaci ke sauka a mahaɗa da jar riga?" Ya yi dariya. Ya ce 'yan sanda sun tsinci ɗaya daga cikin sandunan, sauran an watsa a ruwa. Sai ya rage murya. In na warke, ko akwai wani a wurinmu da zai iya yi musu wasu?

Da hagu na ɗauki jug ɗin ruwa. Na so kansa, na sami kafaɗa. Ɗinkin bakina ya buɗe saboda ihu. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, na dai ambaci uwarsa. Masu jinya biyu suka danne ni.

Talata, 14 ga Fabrairu

Ajan Suphani ta zo da lemo da hoto. Sandar da aka tsinta. A gindinta akwai lambar da sitonmu ke bugawa a kowane ƙarfe. Na yanke ɗaya gefen, na bar wannan. Injiniya ke nan.

'Yan sanda sun je jami'a. An dakatar da Lung Sawat. Shi ke da makulli, shi ke da inji, zanen riƙon irin nasa ne. Suna cewa yana sassaƙawa yana sayar wa duk wanda ya zo. Ajan ta ce ni a takarda wanda aka zalunta ne, ba wanda ya yi faɗa ba, don haka sharaɗina bai karye ba. Za ta nema mini ƙarin wata shida, a samo wanda zai riƙa ɗora mini samfuri a inji. Digirin yana nan.

Ta tsaya a bakin ƙofa. "Akwai abin da kake so ka gaya mini?"

Na ce na gode da lemo.

Laraba, 15 ga Fabrairu

Lung ɗan Ja ne. Me ya dame ni.

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Lung ya zo. Da kansa. Ya kawo kunun shinkafa da kaza, ya ce daga rumfar Musulmi ya saya, in ci ba fargaba. Akwai shatin kanta a bayan wuyansa, ya zama kore.

Ya zauna ya dubi hannun. Ya tambayi ƙusa nawa. Ya ce injin gwaji yana nan a kashe, ya rufe shi da leda kafin su karɓi makulli.

Na ce me ka gaya musu? Ya ce sun tambaye shi wa ke riƙe makulli ran Asabar, ya ce shi. Na ce don me? Ya ɗaga kafaɗa. "Ni shekara biyu suka rage mini in yi ritaya. Kai ba ka ma fara ba." Sai can ya ce shi ma yana da wanda ya bari a kan titi, shekara arba'in da suka wuce, da rigar toka, kuma bai taɓa sanin sunansa ba.

Na ce ya fita. Na ce ba na son kununsa, ba na son alherinsa, ya kwashe. Ya fita ya bar kunun. Na ci. Yunwa nake ji.

Litinin, 20 ga Fabrairu

An sallame ni. Gida, Nong Chok. Ma ke wanke mini kai.

Laraba, 22 ga Fabrairu

In na yi shiru, Nuwamba zan sa rigar digiri. Ma ta riga ta gaya wa duk masallaci. Shekara biyar ina hawa wannan tudu, daga benci mai ƙamshin man inji zuwa nan, ana kallona kamar wanda zai saci wani abu. Lung shi ya zaɓa ya yi ƙarya, ban roƙe shi ba. Ban roƙe shi ba!

An ce ranar Talata za su kai shi gaban hukumar jami'a, daga nan sai kotu.

Na fasa madubin bayan gida da gwiwar hannu. Na ce wa Ma santsi ne.

Litinin, 27 ga Fabrairu

Na je ofishin Ajan da ƙarfe tara. Ban shirya komai ba, na ma ce wa kaina takardar asibiti zan kai. A tsaye na faɗa mata maganar sandunan. Ranar, adadin, inda na kai. Kaina kaɗai na ambata.

Ta cire tabarau. Ta ce ta sani tun ran da ta ga hoton, ta san sassaƙar kowane ɗalibinta. Na ce to me ya sa ba ki faɗa ba? Ta ce ba ta da hujja sai bakina. Sai ta daki tebur, ita da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, har kofi ya kife a kan takardu. "Na yi faɗa da mutum shida a kanka! Shida! Na ce musu wannan daban ne!"

Ta kira ofishin shugaban sashe ina tsaye.

Laraba, 15 ga Maris

An kore ni.

Minti ashirin suka yi. Ajan ta karanta takardar da na sa wa hannu da bakinta, ba ta dube ni ba. Maganar 'yan sanda tana gaba, lauya ya ce tunda na kai kaina wataƙila ba za a ɗaure ni ba. Sun matsa in faɗi wanda na ba wa, na ƙi. Ban san ko don amana ba ne ko don tsoro.

Na miƙa katin shiga. Na wuce ta bayan ɗakin injina don kada in haɗu da kowa. An mayar da Lung, na ji ƙarar injinsa.

A bas na yi kuka kamar yaro, mai karɓar kuɗin mota ta yi kamar ba ta gani ba. Samfuri goma, babi uku. Shi ke nan abin da nake da shi.

Asabar, 1 ga Afrilu

Azumi na goma. Ina matsa ƙwallon roba kamar yadda suka ce. Yatsu uku suna ji, biyu sun yi tsaye abinsu.

Saƙo ya shigo daga lambar da ban adana ba. Hoton sanda a karye, da adadin lanƙwasa a rubuce a takarda. Ƙasa an sa, "Na sha ɗaya. A bakin walda." Ba gaisuwa.

Lung ne. Wa ya sa shi? Aikin ba shi da mai shi yanzu. Na dai zana ɗigon a jadawali don in ga inda ya faɗa. Ya faɗa kan layi.

Litinin, 24 ga Afrilu

Shekaranjiya aka yi Salla. Jiya kwana ɗari da rasuwar Piak, an yi masa sadaka a haikali. Tun Juma'a guruf yake tafasa, kowa ya zo da rigar toka, bayan an ciyar da sufaye akwai aiki. Pi Yot ya kira sau huɗu. Ya aiko cewa ya yafe jug, ɗan uwa ɗan uwa ne, in zo ko da hannu ɗaya.

Ban je ba. Ba wani abu ba ne, hannun ne ke ciwo in na daɗe a bas. Na aika wa Fon kayan Salla da 'yar rigar yarinya ta hannun maƙwabciyarmu. Kuma sakamakon samfuri na sha uku ya iso ran Asabar, sai na zauna ina gyara babi na huɗu da hagu. Ban san wa zai karanta ba.

Yau da safe Ma ta dawo daga kasuwa ta ajiye kwando. Ta ce an kashe wani ɗalibi jiya da yamma a tashar bas kusa da haikalin, an fasa masa kai, kowa maganar yake yi. Na ce shekararsa nawa? Ta ce sha takwas. Na ce yana da iyaye? Ta ce uwarsa na sayar da taliya a bakin titin, a gabanta aka yi. Na ce innalillahi. Na kasa ƙarasa shayin.

Sai da nake ɗauraye kofi na tuna ban tambayi launin rigarsa ba. Wayar tana nan a kan tabarma, saƙo ya haura ɗari biyu, dubawa ɗaya zan yi in sani. Har yanzu ban duba ba. Wataƙila gajiya ce.